Daren da Gyare Ya Yi Shiru

Tun watan tara rana ta fara rowa.
Ta leƙo da hantsi kamar mai gudun bashi,
kafin Aulis ya gama faskare ta naɗe tabarmarta.
A nan Kainuu haka take, ba a yi mata magiya.

A bayan takardar kuɗin wuta na rubuta abin da ya rage:
dankali buhu tara, biyu sun fara ruɓa ta ƙasa,
tagar ɗakin kaji na neman gilashi,
bututun rijiya ban naɗe shi da tsumma ba,
na ce gobe, goben ta haifi jibi.
Ran Laraba akuya ta haura shinge,
ta yi wa kabeji aski, kai goma sha ɗaya,
ta dawo tana tuƙa, ko kunya babu.

Ɗakin shanun surukina yau ba saniya ko ɗaya.
Akwatunan roba arba'in ne a jere,
kowanne shaƙe da kwalin ƙwai,
kowane rami da mai shi: gyare.
Tsohuwa Hilkka ta taɓa cewa,
"Tuovi, dabbar da ba nono, ba gashi,
me za ki tatsa?"
Na ce gari, masu burodi a Oulu na saye.
Ta taɓe baki, ta miƙo kofi a ƙara mata gahawa.

Gyare ba shi da dogon buri.
Ɗumi, dusa, ɓawon karas, ruwa a soso.
In ya samu, sai kuka dare da rana
har kunne ya manta yana ji,
yadda mutum ke manta numfashinsa.

Shirun ne ya tashe ni.
Ƙarfe biyu da wani abu, agogon firji a mace.
Dusar ƙanƙarar fari, jiƙaƙƙiya, mai nauyin tsiya,
ta kwantar da itace a kan wayar lantarki.
Aulis ya ja janareta sau uku,
a na huɗu igiyar ta biyo hannunsa.
Ya tsaya yana kallon ta cikin hasken tocila
kamar za ta ba shi haƙuri.

Ma'aunin zafi na gangarowa, sha tara, sha bakwai.
Na ɗaga kwali ɗaya:
suna nan, gashin baki a sanƙare, ba mai tsalle.

Ban san wa ya fara faɗa ba.
Ɗakin gumi, can bakin tafki,
inda ake wankan tururi ran Asabar,
inda aka haifi kakarsa,
murhunsa bai san lantarki ba.
Itacen da muka tara don watan ɗaya
muka cusa masa ba lissafi.
Taku saba'in ne daga ƙofa zuwa ƙofa,
akwati a ƙirji, bargo a kai,
ni da rigar barci da takalman roba,
sawu ashirin kowannenmu.
Na zame sau ɗaya. Akwatin ya buɗe.
Baƙaƙen ɗigo a kan fari, kamar rubutun da ba mai karantawa.
Ban tsaya ba.

Muka zauna a benci na ƙasa, su a na sama,
wurin manyan baƙi.
Yatsuna na zugi. Aulis na gyangyaɗi.
Can wajen asuba ɗaya ya gwada murya,
a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.
Wani ya amsa daga kusurwa.
Kafin shayi ya tafasa, katakon ɗakin duk ya ɗauka.

Akwati shida ba su farka ba.
Kaji suka yi walima, su da suka daina ƙwai tun makon jiya.
Wuta ta dawo da la'asar, ba ta ce komai ba.

Yau na naɗe bututun.
Gilashin kaji har yanzu kwali ne.
Wasu sun ɓuya a tsagar bangon ɗakin gumi, sun ƙi fitowa,
ran Asabar kuwa Hilkka ta zo wanka,
ta daɗe fiye da yadda ta saba.